Baba Aisami da Na'urar Surukinsa

In ka ji Baba Aisami a fadar shayi ta bakin kasuwar Gure, sai ka rantse shi ya riƙe auren ƴarsa Bara'atu da hannu biyu. "Ni fa ko sau ɗaya ban taɓa cewa a rabu ba!"

To, ga yadda aka yi. Mijinta Hamza ya faɗi da moto a hanyar Bune, lakarsa ta taɓu. Tafiya ta dawo da sanda, amma riƙe bayan gida ya gagara. Masallaci ma ya daina zuwa, don alwala ba ta zama. Baba Aisami na jin labari sai ga shi a tsakar gida.

"Ke Bara'atu, tattara kayanki! Wankin ƙazanta na aurar da ke ki yi?"

"Baba, ka yi haƙuri. Da ni ce a kwance, Hamza ba zai gudu ba."

Hamza na ɗaki yana ji, hawaye na zuba. Da tsohon ya fita, Hamza ya ce, "Ki bi maganar Baba. Ni kaina kunyarki nake ji."

"Kunyar me? Gyara in canza zanen gado."

Ita ta matsa suka je Damagaram. Wata likita ta ba su ƴar na'ura mai batir, ana manna ta a idon sawu, tana tura lantarki kaɗan-kaɗan ta jijiya, ta farkar da abin da ke riƙe bayan gida. Likitar ta ce ba tsafi ba ne, sai an jure.

Da suka dawo gida, Baba Aisami ya leƙo, ya riƙe baki. "Yau kuma surukin nawa aka mayar salula, ana yi masa caji?"

Watanni suka shuɗe. Ba a ce ya warke sarai ba, amma wata Juma'a Hamza ya tsaya a sahu har aka sallame, alwalarsa na nan. Bara'atu ta yi kukan murna.

Tun ranar Baba Aisami ya buɗe wa'azi a fada. "Samari, aure haƙuri ne. Ciwo ba ya raba masoyan gaskiya. Ni na ce mata, zauna ɗakinki, ƴata!"

Kande mai ƙosai ta ɗago kai daga kaskonta. "Af, Baba! Ba kai ka zo har gida kana tambaya ko ɗana Bashir na son bazawara ba?"

Shayi ya sarƙe Baba Aisami.