Baƙin Abin da Ke Rufe Fuskoki

Akwai wata yarinya a unguwar Guéma, cikin Parakou. Tana aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Ba ta gani sosai daga nesa, shi ya sa likita ya rubuta mata tabarau. Ita kuwa ta tsane shi, don 'yan ajinsu suna yi mata dariya.

Wata rana ƙawarta Mounira ta ja ta gefe.

"Na ga wani mutum a wayar yayata," in ji Mounira. "Ya ce ido ma yana son motsa jiki. Ki riƙa juya shi dama da hagu, sannan ki kalli rana kullum da safe. Mako ɗaya, kin rabu da tabarau."

Yarinyar ba ta tambayi kowa ba. Washegari ta zagaya bayan gida, ta cire tabarau, ta ƙura wa rana ido. Hawaye suka zubo, amma ta daure. Haka ta yi kwana uku. A na ukun ta daɗe ƙwarai.

Da ta dawo tsakar gida, Inna tana dama koko. Yarinyar ta dube ta. Ga zanen Inna, ga ɗankwalinta, ga hannunta riƙe da ludayi. Amma babu fuska. Wani baƙin abu ya zauna a wurin.

"Lafiya kika tsaya kamar gunki?" in ji Inna.

"Lafiya lau, Inna."

Ta sa tabarau, abin yana nan. Ta dubi bango, ya koma bango. Ta rufe ido, sai ta gan shi cikin duhun, yana ɗan motsi. Ba ya magana, ba ya ƙara. Duk inda ta duba, ya riga ta zuwa.

A aji, muryar malamarsu, Madam Hindou, tana fitowa daga cikin baƙin abin. Yarinyar ta sunkuyar da kai. A ranta ta ce, wani abu ne ya biyo ta daga bayan gida.

Ran Asabar ita da Inna suka shiga taksi zuwa Djougou, gaida Kaka Tsahara. Ta ɗan ji sanyi. Ƙila abin ya tsaya a Parakou. Amma da ta leƙa ta taga, ga shi yana bin motar. Yana tsallake itatuwa, yana tsallake garken shanu, ba ya gajiya.

Kaka Tsahara ta tarye su a ƙofar gida. "Oyoyo! Zo nan, ƙawata, in gan ki!"

Yarinyar ta ɗaga kai. Kaka ma babu fuska. Nan take ta fashe da kuka.

"Kaka, wani abu yana bi na! Ya rufe fuskar kowa!"

Kaka ta zaunar da ita a tabarma. "Yaushe ya fara?"

Yarinyar ta faɗi komai, har da kallon rana.

"Innalillahi!" in ji Inna. "Rana kika kalla? Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ji tsoron faɗa, Inna."

Ba su ko sha ruwa ba. Suka tare zemijan, wato babur ɗin haya, sai wurin likitar ido. Likitar ta haska idon da ƙaramar fitila, ta daɗe tana dubawa.

"Ba abin da ke bin ki, 'yata," ta ce. "Rana ce ta ƙona can cikin idonki. Tabon ƙunar kike gani."

"Zan makance?"

"Naki da sauƙi, ina sa ran zai warke. Amma akwai waɗanda nasu ba ya tafiya har abada."

"To motsa idon fa?"

"In kin daɗe kina karatu, ki ɗaga kai ki dubi nesa, ki ƙifta ido. Wannan yana hutar da shi. Amma ba ya maye gurbin tabarau."

Kullum baƙin abin yana ƙanƙancewa. Bayan mako shida ya ɓace sarai.

Madam Hindou ta sa yarinyar ta tsaya gaban aji ta ba da labari. Mounira ta ce, "Ki yafe mini, ban sani ba." Sai wani yaro a can baya ya ɗaga hannu a hankali.

"Madam, ni ma gobe na yi niyyar farawa."

"To, ka gode mata," in ji Madam. "Yara, kada ku taɓa kallon rana. Ba duk abin da kuka gani a waya ne gaskiya ba. In abin ya shafi lafiyarku, ku tambayi iyayenku da likita. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri."

Yarinyar ta koma wurin zamanta. Ta dubi 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya, kowa da fuskarsa, ta yi murmushi.