Ƙararrawar da Birai Suka Ji

A wani ƙauye kusa da Kusasu akwai wata makarantar firamare a bakin daji. A cikinta akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da ƙoƙari, amma fa akwai tsokana. Ita ce ta taɓa sa kwaɗo a cikin takalmin monita.

A farkon zango, Hedimasta ya tsaya a asambuli yana raba muƙamai. Aka naɗa shugaban ɗalibai. Aka naɗa mai kula da tsafta da mai kula da wasanni.

"Saura mai ƙararrawa," in ji Hedimasta. Sai ya nuna yarinyar nan.

Yara suka ce, "Kai! Mai kwaɗon?"

Malama Gloria, malamar ajinsu, ta ce, "Ni na zaɓe ta. Tun tana aji ɗaya ba ta taɓa makara ba."

Ƙararrawar ba ta kanti ba ce. Ƙarfen tsohuwar tayar mota ne aka rataye a jikin mangwaro. Hedimasta ya miƙa wa yarinyar sandar ƙarfen da ake bugawa da ita.

Ya ce, "Ki duba agogon ofis kafin ki buga. Bugun fita tara gajere ne. Bugun tashi dogo ne. Kin ji ko?"

"Na ji, Malam."

Da fari ta yi aiki kamar agogon kansa. Ta buga, a shiga aji. Ta buga, a fita tara. Har Hedimasta ma sai ta buga yake ajiye alli. Abin ya yi mata daɗi ƙwarai.

Ran nan Malama Gloria ta shigo da rana ta ce, "Ku rufe littattafanku. Yau akwai gwajin lissafi."

Yarinyar kuwa jiya wasa ta yi har magariba, ba ta duba komai ba. Ta kalli allo. Ta kalli sandar ƙarfe. Sai wata dabara ta faɗo mata.

"Malama, zan je in duba agogo."

Tana fita ta nufi gindin mangwaro. Ta ɗaga sanda ta saki bugun tashi, dogo, da duk ƙarfinta.

Nan take makaranta ta ruɗe. Yara suka yi waje da jakunkuna suna ihu. Wani ɗan aji ɗaya har ya kai bakin hanya da takalmi ƙafa ɗaya.

Hedimasta ya fito da gudu. "Ku dawo! Kowa ya koma aji! Wa ya ce an tashi?"

Da ƙyar aka tattaro su. Ya juyo ya dubi yarinyar.

Ta sunkuyar da kai. "Malam, hannuna ne ya yi kuskure."

"To, hannun naki ne ke tsoron lissafi?"

Ya karɓe sandar ya ba ƙawarta Muslimat. Gwajin kuwa sai da aka yi shi. Yarinyar ta ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Washegari ana cikin asambuli, sai ga wani tsoho da buhu a kafaɗa. Baba Mailafiya ne, kakan Isaiah ɗan ajinsu. Ya zazzage buhun a gaban kowa. Masara ce, duk an gaggatsa an yar.

Ya ce, "Ina mai ƙararrawar jiya? Birai sun ce in gaishe ta. Sun ce sun ƙoshi, Allah ya saka."

Yara suka fara dariya. Da suka ga fuskar Isaiah, sai suka daina.

Baba ya ce, "Ni nake gadin gona tun safe. In na ji bugun tashi, sai in kamo hanyar gida, don na san Isaiah na tafe ya karɓe ni. Jiya na ji bugu na taho. Ashe yaro yana aji. Kafin ya isa, birai sun gama da gefe guda. Masarar da muke jira mu ci ke nan."

Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta fito ta durƙusa.

"Baba, ni ce. Da gangan na yi. Ban san ana ji har gona ba."

Malama Gloria ta ce, "Ba ki sani ba? To yau za ki sani."

Da lokacin tashi ya kusa, Malama ta kama hannunta suka bi hanyar gona. Suka tarar da Baba zaune a kan wani faffaɗan dutse da gwangwanin korar birai. Ya ce, "Hawo, jikata. Zauna ki yi shiru."

Ta hau. Ba ta taɓa ganin garinsu daga sama ba. Ga gonaki shimfiɗe, kore shar. Bayansu ga daji, manyan itatuwa sun haɗe kai har iyakar ganin ido. Makarantarsu kuwa ta koma 'yar mitsitsiya, kamar akwatin ashana.

Can sai ƙarar bugun tashi ta taso daga makaranta.

Ta ratso gonaki a hankali. Ta wuce ta kansu. Ta shiga daji, dajin ya amsa, ya maido ta. Tsuntsaye suka tashi fir daga kan wata ɗorawa.

Yarinyar ta buɗe baki, ta kasa rufewa.

Baba ya ce, "Dubi can."

Manoma suna ta ɗago kai ɗaya bayan ɗaya, suna saɓa fartanya. Mata masu itace a kafaɗa suka haɗu a hanya ɗaya, don ba a son kowa ya rage shi kaɗai a bakin daji. Wata mai nono ta rufe ƙwaryarta ta nufi gari. Can nesa ladan ya fito yana duba ruwan alwala.

A hankali ta ce, "Malama, duk waɗannan ƙararrawarmu suke jira?"

"Dukansu."

"Wadda nake bugawa?"

Baba ya nuna wani reshe. Wani ƙaton biri na zaune, ya kasa kunne. "Har wancan ɗan banzan ya san bugun tashi. Ya fi wasu 'yan ajinku sani."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye ya zubo. Ta dubi tafin hannunta. Ɗan ƙaramin hannu ne, amma ashe yana tayar da gari guda.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma biran nan baƙinki ne. Ke za ki sallame su."

Daga ranar, in an tashi, takan bi Isaiah gona su karɓi Baba, da izinin mamarta. Ta iya kaɗa gwangwani har biran suka san ta. Sauran masarar ta nuna lafiya. Da aka yi girbi, Baba ya gasa mata babba guda, ya ce ladan mai gadi ne.

Wata safiya a asambuli, Muslimat ta ce, "Malam, don Allah a mayar mata da sandarta. Ni kullum gabana faɗuwa yake kada in makara."

Hedimasta ya dubi Malama Gloria. Malama ta gyaɗa kai.

Ya miƙa wa yarinyar sandar. "Hannun ya warke?"

Ta karɓa da hannu biyu. "Ya warke, Malam. Har lissafi ya koya."

Kowa ya yi dariya. Ta je ta duba agogo, ta dawo gindin mangwaro. Kafin ta buga, sai da ta dubi wajen daji. Sannan ta buga, daidai kan lokaci.

Yara, muƙami a makaranta amana ne, komai ƙanƙantarsa. Masu dogara da kai sun fi waɗanda kake gani yawa. In an ba ka, ka riƙe shi da gaskiya.