Rigar da Aka Ɗinka a Bayan Kwaɗo

Auta tana guga a ɗaki aka shigo da wani kwali. Umma ce ta buɗe shi, baki har kunne, ta zaro rigar amarya fara tas, duwatsun jikinta sai ƙyalli suke. Saƙon uwar Dogo ne, Dogo mai walda, wanda za a ɗaura musu aure da Auta ƙarshen wata.

Auta ta juya wuyan rigar ta ga tambarin, nan take ranta ya ɓaci. Daga shagon kawun Dogo take. Kowa ya san yadda ake aiki a can: in oda ta yi yawa, sai a garƙame wa 'yan mata masu ɗinki ƙofa ta waje, kada wata ta fita ko shan ruwa. A ɗakin nan wuta ta tashi bara, yayar Auta, da ke ɗinki a can lokacin, ta yi ta dukan ƙofar ƙarfe har tafin hannunta ya saɓule.

"Ba zan sa ba, Umma."

"Ba za ki me ba? A kan tsumma za ki kashe aurenki?"

"Ki dubi hannun Yaya, sannan ki ce min tsumma."

Yaya ta ja hannuwanta cikin mayafi, yadda take yi kullum, ta ce, "Auta, ki sa abinki, ni na yafe."

"Ke kika yafe. Waɗanda ke ciki yanzu fa?"

Da yamma Dogo ya zo, ya sha turare, wai shi mai lallashi. "Haba bebi, sori mana. Yini ɗaya ne fa, a yi hoto ki cire."

Ai gara ma da bai buɗe baki ba. Auta ta ji kamar ta rufe shi da duka. "Yini ɗaya gare ka. Su kullum ne! Ka je ka gaya wa Mama ina girmama ta, amma ba zan yi kwalliya da wahalar 'yar wani ba."

Amsar uwar Dogo ta dawo da zafinta: in ba rigar, ba aure, an raina mata ɗan'uwa. Umma ta daina amsa gaisuwar Auta, wayar Dogo ta yi shiru. Auta ta sha kuka har ta rame, don tana son shi sosai. Amma ba ta zagi kowa ba, rigar kuma ba ta koma kallonta ba.

Ana nan sai ga Dogo da rana tsaka, babu turare, kaca-kaca da baƙin aiki, uwarsa na biye da shi fuska a murtuke. Ya ajiye yankakken kwaɗo gaban Auta.

"Kawu ya kira ni in ƙara ƙarfe a taga, wai ta nan ake miƙa wa 'yan matan ruwa," in ji shi. "Ina jona inji wata yarinya ta leƙo ta ce, 'Malam, don Allah ka bar mana ɗan wurin iska.' Sai na juya kan ƙofa, na yanke kwaɗon. Ya ce kada in sake kiransa kawu."

Ya dubi Yaya. "Don Allah ki gaisa da Mama, ba ta cikin mayafi ba."

Yaya ta daɗe kafin ta fito da hannun. Uwar Dogo ta riƙe shi, ta ga yatsun da suka manne. Can ta sa ƙafa ta ture kwalin rigar gefe.

Yaya ce ta ɗinka rigar bikin da yadi mai sauƙi, a hankali, a kan tsohon kekenta. Bakin rigar ya ɗan karkace, 'yan gulma suka gani, suka kuma faɗa. Auta ko a jikinta. Haƙurinta ya ba ta miji, ya kuma buɗe wa wasu ƙofa. Kafin riga ta burge ki, 'yar'uwa, tambayi halin da hannun da ya ɗinka ta yake ciki.