Sai Farfela Ta Tsaya

Iya ta fito za ta ɗora tuwo ta tarar muciyarta ta yi ƙafa. Ta duba madafi, ta duba bayan randa, can sai ta hango autanta Lukuman a gindin darbejiya. Ya kifa turmi ya ɗare a kai, muciya tsaye tsakanin gwiwoyinsa ya riƙe da dama, tsintsiya a hagunsa, bakinsa na motsi kamar mai lazimi.

"A kauce!" ya ce wa kaji.

"Auta, yau kuma da turmina za a tashi sama?"

"Sori Iya, saura kaɗan in kashe inji. Ba a sauka sai farfela ta tsaya."

"To in ta tsaya ka miƙo mani muciyata, in ba iska za ku ci da dare ba."

Duk unguwar Damba ta Gusau an san Lukuman da gyaran injin ban-ruwa, an kuma san shi da gaggawa, don ko shayi ba ya bari ya huce. Da wani kamfani ya kawo ƙaramin jirgi mai saukar ungulu Gusau domin yaƙi da tsuntsayen jan-baki masu cinye gero, aka ɗauke shi wankin inji. Matuƙin jirgin, Kyaftin Attahiru mutumin Tsafe, ya ga yaron yana da kai, ya soma koya masa. Abu biyu ke ran Lukuman a duniya: jirgin nan, da Luba ɗiyar Baba Jatau na Nahuce, wadda aka sa musu rana bayan kaka. In ka tambaye shi wanne ne gaba, sai ya yi dariya ya sosa ƙeya.

Lukuman ya zaci ranar farko za a lula cikin gajimare. Ina! Makonni aka kwashe jirgi bai ɗaga ko taku ɗaya ba, tayarwa da kashewa kawai. A zagaya shi a leƙa mai, a shafa farfela, a shiga a ɗaure bel, a motsa sandunan tuƙi a ji ba inda ya cije. A tabbata totur a rufe yake, a kunna batir, a dubi dama da hagu, a ɗaga murya a ce a kauce, sannan a murɗa makulli. In inji ya kama, ido na kan allurar mai. Sai ta hau za a sa kuloci, manyan fikafikan nan biyu su soma juyi a kasalance har su ɓace wa ido.

Wannan duk ya shiga kan Lukuman kamar ruwa. Kashewa ce ta zame masa ƙarfen ƙafa. Ranar da ya kai hannu zai yanke mai jirgi na zama, Kyaftin ya buge masa yatsu.

"Ina za ka? Gobara ake a gidanku?"

"Ai mun iso, Oga."

"Kai ka iso, shi bai iso ba. Ƙarfen da ya ɗauki zafi, in ka kashe shi farat ɗaya, ciki yake tsagewa ba ka gani. Mai da shi silo, ya riƙa juyi a hankali, ka zauna har allurar zafi ta sauko. Sannan ka cire kuloci, ka jira. Ka yanke mai, ka sake jira, sannan birki. Kuma ka ji da kyau: lokacin da farfela ke rage gudu, lokacin take sunkuyowa ƙasa. Ko wa ya nufo ka, ka kore shi. Ko ubanka ne."

Lukuman ya ce to, don uban nasa ya daɗe da rasuwa, bai ga inda maganar za ta ci shi ba.

Da gero ya soma nuna, jan-baki suka sauka fadamar Nahuce kamar hayaƙi. Aka tura Kyaftin ya gano inda suke kwana, ya ɗauki ɗalibinsa. Zo ka ga murna wajen Lukuman, ranar har turare ya fesa wa rigar aiki. Suka kewaya fadama, suka sauka a wani fili bayan gari, Kyaftin ya ce, "Kashe mana."

Kafin ƙura ta lafa rabin gari ya fito. Lukuman ya mai da inji silo, ya jira, ya cire kuloci. Yana ɗaga ido ya ga Baba Jatau ya ratso taro cikin babbar rigarsa ta Juma'a, fuska cike da fara'a, ya taho tarbar surukinsa. Kuma ta kan tudu ya biyo, daidai inda bakin farfela ke sunkuyowa.

Kowa ya san abin da ɗa na gari ke yi in ya hangi suruki: ya diro, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa tun daga nesa. Ƙafafun Lukuman har sun motsa. Amma damansa na riƙe da sandar tuƙi, ba halin saki. Ya fiddo hannun hagu, ya kaɗa da ƙarfinsa, ya kwatsa murya:

"Koma baya! Koma baya!"

Baba Jatau ya tsaya cak. Iskar farfela ta fige hularsa ta gangara cikin kunyoyin gyaɗa, furfura ta bayyana a gaban yara da mata. Ya dubi yaron da ke zaune bisa kujera bai ko motsa ba, ya juya. Kafin fikafikai su tsaya Lukuman ya sauko, dattijo ya shige gida, hular ma wani ya bi shi da ita.

Washegari aka aiko Damba: a dakata da maganar rana.

Lukuman ya zari makullin babur, idanu jajur. "Yanzu zan je in yi masa bayani, Iya. Ransa na ceta fa. Da ya ƙara taku uku—"

Iya ta riƙe kan babur ɗin. "Kai da ka cika mani kunne da ba a kashe abu da zafinsa? Mutumin da anka tuɓe wa hula gaban jama'a, bayani zai ji yau? Mai da shi silo, Auta."

"In kuma ya ba wani ita?"

"In rabonka ce, ko cikin bakin kura take sai ta fito. Ka tai ka gaishe shi, gaisuwa kawai. Kada ka kare kanka."

Wannan karatu ya fi na Kyaftin wuya. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, Lukuman ya bi hanyar Bungudu, ya ajiye babur nesa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a ƙofar gidan Baba Jatau. "Barka da Juma'a, Baba." Dattijo ya ce "yawwa" yana duban wani wuri. Bayani ya taso wa Lukuman har maƙogwaro, ya haɗiye abinsa. Kyaftin ya ce zai je da kansa ya yi magana, Iya ta ce a'a, kada dattijo ya ga an kawo masa mai kaki a koya masa hankali.

Sau ɗaya Inna Habiba, mahaifiyar Luba, ta tausaya ta bar su suka gaisa a zaure. Luba ta rame, kwalli ya zubo mata a kumatu.

"Na san abin da ya sa ba ka sauko ba," ta ce. "Ba kai ka riƙa karanta mani shi a nan ba har na hardace? Silo, kuloci, mai, birki. Amma Baba ya ce wanda ya kore shi da hagu tun bai ɗauki ɗiyarsa ba, in ya ɗauka da ƙafa zai kore shi. Ni kuma ba ni iya buɗa baki in ce Baba bai gane ba."

"Ki ce in bar jirgin, wallahi in bar shi."

"In ka bar shi, ka amsa laifin da ba ka yi ba. Kuma geron Baba wa zai tsare mashi?" Ta share ido da gefen mayafi, har ta ɗan murmusa. "Ka dai yi ta zuwa. Ni ina nan."

Ya koma Gusau ranar zuciyarsa wasai, har yana waƙa bisa babur.

Wata Juma'a ya tarar da Baba Jatau a turke yana cire wa bijiminsa kaska. Jan bijimi ne mai baƙin hali, ya taɓa karya wa wani makiyayi haƙarƙari. Baba ya naɗe igiyar hanci a damansa, bijimin na huci yana tonon ƙasa. Lukuman ya durƙusa daga gefe ya yi gaisuwarsa. Sai ga Luba ta fito da ƙwaryar fura, Inna ta ce a kai wa baƙo. Kunya ta sa ta sunkuyar da kai, ba ta ko duban gabanta, ta biyo ta bayan bijimin.

"Ke! Koma baya!" Baba ya daka tsawa, ya watsa hannu ya ture ta. Fura ta tuntsure. Kofaton bijimi ya wuce fiu, daidai inda cikinta yake ɗazu.

Bijimin ya ci gaba da huci. Luba ta tsugunna tana tattara ƙwarya da ludayi, ta ce a hankali, "Na gode, Baba."

Baba Jatau ya ɗaga kai. Hannun da ya ture ta da shi yake kallo, yana nan a sama bai sauke ba. Na hagu ne. Ya dubi damansa da igiya ta naɗe, ya dubi yaron da ke durƙushe cikin ƙasa. Ga magana ta zo wa Lukuman har leɓe, ƙofa a buɗe, amma ya ƙura wa ƙasa ido ya yi gum.

Dattijo ya ɗaure bijimin, ya wanke hannu, ya daɗe yana goge su da gefen riga.

"Wanga abu naku," ya ce, "shi ma yana harbi?"

"Yana yi, Baba. Wuyan mutum yake nema."

"Hm. Kuma in ka saki sandar?"

"Sai ya sunkuyo inda ya ga dama."

"Mi ya hana ka faɗi tun tuni?"

"Ban ga fuskar faɗi ba, Baba. Kuma hular da ta faɗi, ni na jawo. A gafarce ni."

Baba ya yi gyaran murya, ya leƙa cikin gida. "Habiba, a damo wata furar. Baƙo na zaune da ƙishi."

Bayan an kori tsuntsaye gero ya tsira, jirgi ya sake sauka a filin nan, wannan karo Lukuman ne ya tayar da shi tun daga Gusau. Jama'a suka yunƙuro kamar da. Sai ga Baba Jatau a gaba, hula danne da hannu ɗaya, sanda a gicciye da ɗayan, yana tare yara da manya har da mai unguwa.

"Kowa ya tsaya inda yake. Surukina bai gama ba."

Lukuman ya ji kalmar ta ratso ƙarar inji ta sauka masa a ƙirji. Ƙwalla ta cika masa ido har allurar zafi na rawa a gabansa, amma bai yi gaggawa ba. Ya jira ta sauko, ya cire kuloci, ya yanke mai, ya ja birki. Sai da fikafikai suka tsaya cik ya kashe batir, ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Baba ya kama shi da hannu biyu ya tayar.

An ɗaura aure bayan kaka, a ranar da aka sa tun farko, Kyaftin Attahiru ne ma ya karɓa wa ango. Har yau in Lukuman ya shigo gida da zafinsa, Luba kan ajiye masa ruwa ta ce, "Silo, Malam," su yi dariya.

To 'yan uwa matasa, tayar da abu ba wuya, ko inji ne ko magana. Gaskiyarka ba ta ruɓewa don ka jira; amma in ka cusa ta cikin zuciyar da ke tafasa, tsagewa za ta yi. Girmama babba ba durƙuso kaɗai ba ne, wani lokaci tsawa ce, wani lokaci shiru. Lukuman ya yi tsawar da ta ceci rai, ya yi shirun da ya ceci aure, kuma mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.