Wadda Aka Bari Don Kwatanci

Dutsen farko ya faɗo ne lokacin da Umma take tsame shinkafa, rana ta riga ta nutse a bayan tankin ruwan maƙwabta. Kwanon rufi ya amsa da ƙara mai nauyi, abin ya gangaro a hankali, ya faɗi kusa da famfon tsakar gida. Ta fita da ludayi a hannu, tana shirin yi wa 'ya'yan mutane faɗa. Babu kowa a kan katanga, babu motsi a layin. Ta sunkuya ta ɗauka. Dutsen murhu ne, gefensa ɗaya baƙi wuluk da tsohon hayaƙi, amma sanyinsa kamar daga gindin rijiya aka tsamo shi, ga yanar gizo-gizo a tsagarsa. A duk layin nan babu gidan da ke girki da itace.

Da la'asar ɗin ranar maigidan ya dawo daga tafiya, motar ofis da laka har tagogi. Shi ne shugaban sashen sa ido da tantancewa a wata ƙungiyar agaji mai raba abinci. Ba ya ɗaukar buhu, ba ya miƙa wa kowa. Aikinsa shi ne ya tabbatar ko abin da ake rabawa yana amfani, ya kuma rubuta darasin da aka koya. Abokan aiki suna kiransa Mai-awo, kuma yana son sunan. Mutum ne mai tsafta, mai taushin murya, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba.

Umma ta san yadda aikin yake, don ya taɓa yi wa baƙi bayani a falo. Ana samo ƙauyuka masu kama da juna, kwamfuta ta jefa ƙuri'a. Wasu a kai musu buhuna, wasu a bar su. Waɗanda aka bari su ne ƙauyukan kwatanci. Su ma ana zuwa musu, a yi musu tambayoyi, a auna damtsen yaransu da wani siririn tef mai launin kore da rawaya da ja, jan na nuna yunwa ta ci jiki, a yi godiya, a tafi. Nasu rabon sai an kammala binciken. Ranar Umma ta ce, "Yanzu sai an auna kafin a san abinci yana maganin yunwa?" Baƙi suka yi dariya, ita ma ta yi, ta koma ta ɗebo musu lemo a sabon firjin da aikin ya saya. Ba ta sake tunawa da maganar ba.

'Ya'yansu biyu, duka mata. Babbar, wadda ake kira 'Yar Baba saboda yadda uban yake ji da ita, ta soma zama budurwa. Ƙaramar kuwa Auta ce, mai tsantsamin ci, wadda sai an bi ta da cokali. A daren, da aka zauna cin abinci, 'Yar Baba ta kai loma baki, ta tsaya, ta tofar a tafin hannunta. Wari ya tashi a kan teburin, irin na kwatar da ta toshe. Shinkafar farantinta ta yi yauƙi, ƙananan tsutsotsi farare suna juyi a cikin miyar. Daga tukunya ɗaya aka zuba wa kowa. Kafin Umma ta miƙa hannu, Auta ta jawo farantin gabanta. Yana isa wurinta ya koma shinkafa mai tururi, ta sa hannu biyu ta dinga turawa, miya tana bin gwiwar hannunta.

Haka gidan ya zama. Duk abin da ya doshi bakin 'Yar Baba sai ya ruɓe a hanya: ƙwai ya yi ɗoyi, madara ta yi tsami, burodi ya yi gashi kore tun yana hannunta. Ruwa kaɗai yake wucewa. Auta kuwa ba ta ƙoshi. Tana ci a tsaye, tana ci a kwance, wuyanta ya yi ninki, fatarta tana sheƙi kamar an shafe ta da mai. An kai babbar asibiti, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, likita ya ce bai ga komai ba. Aka sa mata ƙarin ruwa, jakar ta yi duhu tana rataye, ma'aikaciyar jinya ta cire ta tana toshe hanci.

Duk magariba sai dutse ya faɗo, bayansa kuma murya ta tashi daga kicin, ta tsoho, mai ladabi, ba ta gaggawa.

"Salamu alaikum, masu gida. Ba za mu ɗauki lokacinku ba. A makon da ya wuce, akwai wanda ya kwana da yunwa a gidan nan? Sau kaɗan, ko wani lokaci, ko sau da yawa?"

Sai shiru, kamar ana rubutawa.

"Mun gode da haɗin kai."

Karon farko da Mai-awo ya ji, kofin da ke hannunsa ya karkace. Umma ta kalle shi, ya kau da kai. Ba ta bukaci a gaya mata wanda ya tsara tambayoyin ba.

Bayan muryar, 'Yar Baba takan tashi daga katifa, idanunta a buɗe amma ba ta ganin kowa, ta je jakar ubanta ta zaro tef ɗin nan. Ta auna ƙanwarta, ta auna kanta. A nata damtsen da farko kore yake nunawa, daga baya ya shiga rawaya. Wata yamma Umma tana riƙe da ƙofa tana kuka ba sauti, ta ga mijinta ya matsa kusa da yarinyar. Ta ɗauka rungume ta zai yi. Ya sunkuya, ya ɗan tura tef ɗin sama da yatsa, ya ce a hankali, "A tsakiyar damtse ake sawa." Sannan ya karanta lambar. Da ya ɗago ya ga idon matarsa, ya ce hannunsa ne ya saba. Umma ta shiga banɗaki ta yi amai.

Ranar da tef ya taɓa ja, yayan Umma ya kawo Malam. Dattijo ne ɗan ƙarami mai tabarau, wanda ya karantar da ɗalibai har gashinsa ya yi fari, kuma an san shi da aikin fitar da aljanu. Yana shiga falon ya ce a buɗe tagogi. Aka kwantar da yarinyar a kan darduma, ƙasusuwan wuyanta a waje, leɓunanta sun tsattsage. Auta tana lungu da tukunya tsakanin ƙafafunta. Malam ya zauna ya soma karatu tun rana tana da saura, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, har hasken tagar ya koma ja, sannan toka-toka.

Yarinyar ta miƙe zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba. Bakinta ya buɗe, muryar kicin ta fito.

"Malam, a sassauta mana. Ni tsoho ne, kuma cikina babu komai."

"Wane ne kai?"

"Mazaunin bayan murhu. A wani ƙauye nake, gaban rafi, tun kakannin kakanninsu. Ba na damun kowa. Ƙashin da aka yar, ƙanzon tukunya, ɗan abin da ya faɗi daga hannun yaro, su ne abincina. Yanzu murhu ya mutu. Mutanen ƙauyen ganye suke tafasawa, Malam. Ka taɓa lasar ƙashin da aka dafa, aka shanya, aka sake dafawa? 'Yan uwana na tsallaken rafi kuwa, inda ake sauke buhuna, har tumbi sun ajiye."

"Me ya kawo ka gidan nan?"

"Motar ranka ya daɗe." Kan yarinyar ya juya wajen ubanta, ta yi masa murmushin da ba nata ba. "Sannu da aiki, Mai-awo. Duk zuwanka sai sun share fili, sun shimfiɗa tabarma, sun wanke yara. Suna cewa wannan karon da buhu ya zo. Sai ka fito da zarenka. Na ce mutumin nan akwai ilimi, bari in bi shi in ƙaru."

Malam ya ce, "Ka ji tsoron Allah. Yarinyar nan me ta ci maka?"

"Ita? Ba ta ci komai ba ai, shi ne aikin. Kuma ba ni na zaɓe ta ba, kada a zarge ni da son kai. Tsakuwa biyu na jefa, ta faɗa kanta. Ɗaya a ba ta, ɗaya a bar ta, a ga bambanci. Za a ba ta nata idan an kammala."

"Yaushe?"

"Ranka ya daɗe, yaushe ne ma namu?"

Auta tana ta kankarar gindin tukunya da cokali. Mai-awo ya ce, da ƙyar ake jinsa, "Bayan girbin baɗi."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin yarinyar ya sandare, ya lanƙwashe, wani ruwa mai wari ya dinga fita ta gefen bakinta. Muryar ta yi ihu, ta yi zagi, sannan ta koma roƙo. Ta ce za ta fita, amma ba za ta koma murhu mai sanyi ba, gara a ƙone ta a nan tare da wadda take ciki. Abu ɗaya take so: hayaƙi ya tashi a ƙauyen, a sauke musu buhuna kamar kowa.

Duk suka juya wajen maigidan. Ya gyara zama, ya haɗa yatsunsa, Umma ta gane muryar da yake yi wa baƙi bayani da ita. Ya ce buhunan a ƙidaye suke, babu rara. Ya ce in aka cire ƙauye ɗaya daga kwatanci lissafin ya rushe, masu ba da tallafi za su janye, dubban mutanen da ke jiran sakamakon su rasa. Ba ƙarya yake yi ba.

"Abban yara," in ji ta. "'Yarka ce a kwance."

Ya kafa wa silin ido, leɓunansa suna ɗan motsi. Ba addu'a yake yi ba.

"Akwai hanya," ya ce. "Motar da za ta ƙauyen bayan dutse ba ta tashi ba tukuna. A juya ta zuwa gaban rafi. Su na bayan dutsen a mayar da su kwatanci, adadi bai canja ba. A rahoto sai a ce gada ce ta karye."

Bai yi tuntuɓe a kalma ko ɗaya ba. Muryar ta ƙyalƙyale da dariya har haƙarƙarin yarinyar yana rawa.

"Malam, ka ji? Wallahi ni da nake aljani ban hango wannan ba. Na karɓa."

Malam ya cire tabarau. "Ba da wannan na zo ba. A bar ni in ci gaba da karatu, ko zai kai mu gobe."

Umma ta dubi 'yarta. Numfashin yana fita guntu-guntu, jijiyar wuyanta tana bugawa kamar ta ɗan tsuntsu. Ta tashi, ta ɗauko wayar mijinta daga kan tebur, ta sa masa a hannu da kanta. Ya kira mai kula da sito, suka gaisa, ya tambaye shi iyali, ya ba da umarnin cikin natsuwa.

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale. Warin ya janye daga ɗakin kamar an yaye bargo. A lungu Auta ta ture tukunyar ta fashe da kuka, tana cewa cikinta zai fashe. 'Yar Baba ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Umma, yunwa." Aka kawo madara mai ɗumi. Umma ta kai cokali bakinta. Madarar ta isa fara tas, maƙogwaron ya motsa, ta wuce.

Malam bai karɓi abin da aka miƙa masa ba, bai sha ko ruwan gidan ba. Umma ta bi shi har bakin ƙofa.

"Malam, ya tafi ke nan?"

"Wannan ya tafi, 'yata." Ya sa takalminsa bai dube ta ba. "Amma bayan dutsen ma akwai murhu, akwai masu zama a bayansa. In sun zo, kada a aiko mini."

Ta rufe ƙofa ta dawo. Yayanta yana ba wa 'Yar Baba sauran madarar. Mai-awo ya wanke hannu, ya zuba wa kansa shinkafa, ya zauna a kan tebur yana ci da kyau, kamar wanda ya sauke kaya. Ya ɗago ya ce, "Miyar nan gishiri bai ji ba."

Umma ta miƙa masa gishirin.