Hular Takarda

Ranar Juma'a ce, layi ya fita har bakin titi kamar yadda ya saba a shagon kifin Gwaggo Maureen, can gangaren bakin teku a Whitby. Kieran Holroyd yana gaban kaskon mai yana tsamo kifi, sai ya ji wata murya ta ce, "A zuba min romo a kan dankalin."

Ya ɗago. Doguwar yarinya ce cikin jar rigar ruwa, yayyafi ya jiƙa mata gashi.

"Romo a kan kifi da dankali?" ya ce. "'Yar'uwa, wa ya ɓata miki rai yau? Gishiri da khal, ruwan tsamin nan, ake sawa."

"Kai za ka ci ko ni?"

"Ni na soya, ai ina da ta cewa."

Gwaggo Maureen ta make masa kafaɗa da tawul. "Zuba wa baiwar Allah abin da ta ce, sarkin surutu."

Ya zuba, ya ƙara mata ɓarɓashin kwaɓi ba ta tambaya ba. Ta ce sunanta Imogen Tattersall, ita ke sayar da tikiti a ƙaramin gidan siliman da ke bayan coci.

"Duk Talata da ƙarfe uku muna nuna finafinan ƙasashen waje," ta ce. "Ka zo, Mai Kifi, in ji ko bakin nan yana da ra'ayi a kan wani abu ban da dankali."

Ya je. Ya sa rigarsa mai kyau, ya wanke hannu sau uku da lemon tsami. Ana kashe fitila ya gane ya shiga uku. Fim ɗin Koriya ne, fassarar kuma a rubuce take a ƙasan allo.

Shi Kieran da rubutu ba su taɓa shiri ba. Haruffa yawo suke masa a takarda. Kafin ya kama kalma biyu, layin ya ɓace, wani ya fito. Abin da ya kore shi daga makaranta ke nan yana ɗan shekara sha biyar. Ya yi wankin mota, ya bi kwale-kwalen masu kamun ƙaguwa, ya yi fenti, bai taɓa shekara a wuri ɗaya ba, don da zarar an miƙo masa fom ya cike sai ya tattara nasa ya nasa. Gwaggonsa kaɗai ta sani.

Sai ya bar rubutun, ya zuba wa fuskoki ido.

Da suka fito ta sayo musu shayi a kofin takarda. "To, me ka gani?"

Ya yi ta hura shayin. Can ya ce, "Tsohon nan ƙarya yake wa matarsa tun farko. Duk lokacin da ya yi mata magana sai ya juya hannun kofi ya kalli bango. Ita ma ta sani. Shi ya sa take cika masa shinkafa."

Imogen ta tsaya cak. "Sau uku na kalli fim ɗin nan ban ga haka ba."

Ta kalle shi irin kallon da ba wanda ya taɓa yi masa. Daɗi ya kama shi, kunya ta biyo baya ta danne daɗin.

Da yamma saƙonta ya shigo. Ya danna, wayar ta karanta masa:

"Mai Kifi, ashe akwai kai a ƙarƙashin hular nan. Talata mai zuwa na Faransa ne. Kar ka makara."

Ya kai wayar bakinsa ya faɗa, wayar kuma ta rubuta tsaf, ba kuskure ko ɗaya:

"'Yar Tikiti, ko na ƙasar aljanu ne zan zo, in dai ke ce a kujerar kusa da ni. Amma maganar romo har yanzu ban yafe ba."

Haka Talatoci suka yi ta wucewa. Suka yi musu a kan komai. Ita ta ce biskit ba ya wuce tsoma ɗaya a shayi, shi ya ce sai ya kusa narkewa. Ita ta ce na Faransan ya fi kowanne, shi ya ce awa biyu mutane na shan taba suna kallon taga, ko bas ake jira an fi haka motsi. Sau ɗaya ya kusa tona kansa, ya ce mijin jarumar bai kyauta ba.

"Wane miji? Yayanta ne fa!"

"Gwada ki nake," ya ce da sauri. Ta yi dariya ta riƙe masa hannu. Shi kuwa ranar ko abinci bai iya ci ba.

"Ka gaya mata," in ji Gwaggo Maureen tana yankan dankali. "Yarinyar nan ba sakarya ba ce."

"Babanta malamin Turanci ne, Gwaggo. Shekara talatin da biyar yana koyarwa. Gidansu har a banɗaki akwai littattafai."

Mista Tattersall kuwa bai ɓoye ra'ayinsa ba. Imogen da kanta ta kawo labari, tana kwaikwayon muryarsa: "Ba na ƙin yaron, ɗiyata. Amma me za ku riƙa tattaunawa bayan shekara goma? Farashin kifi?" Wanda yake so mata shi ne Alastair Penrose, tsohon ɗalibinsa, lauya a Leeds, wanda duk Kirsimeti sai ya zo gaishe su da kwalbar giya mai tsada.

"Bana kai ma za ka zo," ta ce. "Ka yi wa Baba maganar fim ɗin Koriyan nan. Wallahi zai sauko."

Ranar Kirsimeti da azahar suka zauna su biyar. Mahaifiyarta ta jera talotalo, gasasshen dankali, ƙananan kabejin nan da kowa ke zagi kuma kowa ke ci, da fanken Yorkshire da ya tashi kamar hula. Kieran ya yaba romon, ya ce yau ya tuba. Uwar ta yi dariya ta ƙara masa. Ya yi maganar tsohon da kofinsa, Mista Tattersall ya ajiye cokali ya ce, "Hmm. Ba laifi." Imogen ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur don murna.

Sai aka ɗauko kiraka, kwalayen nan masu kama da ƙatuwar alewa da mutum biyu ke ja su fashe. A gidan Gwaggo Maureen hular takardar kawai ake sakawa, a watsar da sauran. Bai taɓa kawowa a ransa ba.

Tas! Tas! Kowa ya sa hularsa. Tasa koriya ce.

"A gidan nan," in ji Mista Tattersall, "kowa sai ya miƙe ya karanta barkwancin da ya samu. Alastair, fara."

Alastair ya miƙe, ya gyara murya kamar a kotu. "Me talotalo ya ce da ya ga Disamba ta kama? In an zo nemana, ku ce na yi tafiya."

Kowa ya yi tsaki yana dariya, don haka al'adar take, barkwancin kiraka sai ya zama mara daɗi. Uwar ta karanta nata. Imogen ta karanta nata.

"Saura kai, samari."

Kieran ya miƙe. Takardar ba ta fi ɗan yatsa ba, rubutun ƙanana kamar tururuwa, kuma tafiya suke.

"Na manta tabarauna," ya ce.

"Tabarau?" Alastair ya ɗaga gira. "Imogen ta ce daga layin baya kake karanta fassarar fim. Haba abokina, kar ka hana mu."

Ya ƙura wa takardar ido. "Me... me ya... s... sa..." Ya tsaya. Ya sake farawa. Agogon bango kaɗai ake ji. Ya ji wuyansa ya ɗau zafi har kunnuwa.

Alastair ya yi 'yar dariya. "Kawo in taimaka maka."

Bai ba shi ba. Ya dunƙule takardar a hannu, ya kalli Imogen. Ba ta dariya. Kallonsa kawai take, bakinta a ɗan buɗe, yana ganin tana ƙirga Talatocin nan ɗaya bayan ɗaya.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "Abincin ya yi daɗi, Mama. Ku yi haƙuri." Ya bugi kujera wajen fita, ita ma ya ba ta haƙuri.

Sai da ya sauka matakalar cocin gaba ɗaya, ya ratsa gada, ya ga kansa a gilashin wani shago, sannan ya san hular takardar tana kansa har yanzu.

Kwana uku bai taɓa waya ba. A na huɗu ya bari wayar ta karanta masa saƙon Imogen:

"Ba karatun ne ya dame ni ba, Kieran. Wata huɗu ina zaune kusa da kai ban san wa ke kusa da ni ba. Wa ya rubuta min duk saƙonnin nan?"

Ya kai wayar baki, sai ya fasa. Ya zauna a kan buhun dankali ya danna haruffan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kusan rabin awa:

"ni ne. ina fada waya na rubutawa. wanan da hanu na rubta. duk abin da nace gaskya ne. naji kunya"

Ba amsa. Ya ce shi ke nan, ya fara tambayar aiki a wani jirgin kamun kifi da zai tashi daga Scotland bayan sabuwar shekara.

Juma'a da rana ya ɗago daga kasko ya ga Mista Tattersall a cikin layi, da lema a hannu. Mutum goma sha ɗaya ne a gabansa, kuma bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya iso ya ce, "Kifi ɗaya, da faten koren wake." Ya kalli kwalbar khal. "An yi sanyi yau."

"An yi, Yallaɓai."

"Akwai wani yaro a ajina, shekarun baya. Kullum yana layin baya, kullum ya manta tabarau. Na rubuta wa iyayensa cewa malalaci ne." Ya juya lemar a hannunsa. "Ba shi kaɗai ba ne. Da ka miƙe ran nan, su na gani. Ni ya kamata in bar teburin, ba kai ba."

Kieran ya rasa inda zai sa idonsa. Ya yi ta barbaɗa gishiri har Gwaggo Maureen ta ƙwace.

"Ina gida duk Litinin," in ji dattijon. "Ina da shayi. In ka ga dama." Ya karɓi ƙunshinsa. "Af, wata tana waje. Ta ce ba za ta shigo ba sai an yarda da romo."

Kieran ya fita. Imogen tana jingine da bango cikin jar rigar ruwan.

"Sakarai," ta ce, idonta ya cika. "Ka san sau nawa na karanta saƙon nan? Ya fi min duk sauran."

"Ban fahimci ko fim ɗaya ba, 'Yar Tikiti."

"Ka fi ni fahimta. Ni ina can ƙasan allo ina karatu, kai kana kallon mutane." Ta cusa hannunta a aljihun rigar aikinsa. "Daga yau ni zan riƙa raɗa maka abin da suka ce, kai ka gaya min wa ke ƙarya. Amma ka ƙara yi min ƙarya ko ɗaya, a kaskon nan zan soya ka."

Jirgin Scotland ya tashi ba shi. Litinin hamsin ya yi a teburin Mista Tattersall, yana bin layi da ƙarshen cokalin shayi. Wata rana ya jefar da littafi ya fita, ya zagaya gari ya dawo, ya tarar an zuba masa sabon shayi ba a ce komai ba.

Kirsimeti ta zagayo. Alastair ya aiko da kati daga Leeds, kujerarsa Gwaggo Maureen ce a kai. Da aka fasa kiraka Kieran ya miƙe, ya ajiye sabuwar takardarsa, ya ciro wata tsohuwa duk ta yamutse daga walat.

"Ta bara ce," ya ce. "Ban gama ba." Ya ja numfashi. "Me... ya sa... agwagwa ba ta sayen lema? Don... tana jiran... a yi rangwame... bayan Kirsimeti."

Tsakin da aka yi ya fi na kowace shekara. Mista Tattersall ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

"Saura ke," in ji Kieran.

Imogen ta warware tata. Ba bugun inji ba ne, rubutun biro ne, haruffan sun karkace kamar shingen da iska ta tura. Ta karanta a zuci.

"A gidan nan da ƙarfi ake karantawa," in ji babanta.

"Imogen," ta karanta, "za ki aure ni?" Ta share ido da bayan hannu. "Ba kuskure ko ɗaya, Mai Kifi."

"Sau tara na sake. Amsa fa?"

"Eh mana, sakarai. Eh."

A watan Mayu aka ɗaura aure, a cocin da ke saman tudu. Ango ya karanta alkawarinsa daga takarda, a hankali, yatsansa na bin layi, ba wanda ya yi gaggawa. Aka ci kifi da dankali a cikin takarda, khal a dama, romo a hagu. Gwaggo Maureen ta ɗaga kofin shayinta ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa su tsufa suna musu a kan biskit. Kowa ya ce amin, muryar Mista Tattersall ta fi ta kowa.