Ƙwayar da Aka Daka a Koko

"Tulun da ba gindi, ina amfaninsa a gida!"

Mma Ashetu ce ke zuba habaici a tsakar gidanta na Yendi. Damata, matar ɗanta Wahabu, tana durƙushe tana wanke-wanke, ta yi kamar ba da ita ake ba. Tun da naƙuda ta zo mata da gardama, jaririn ya koma, aka cire mata mahaifa, ba ta ƙara shan ruwa da daɗi a gidan ba. Dokta ya ɗora ta a kan wata ƙwaya, ɗaya tak kullum, mai maye gurbin abin da jikinta ya rasa.

Tsohuwar nan ko alif ba ta sani ba, amma a ganinta ta fi dokta. Ta yanke hukunci: in ɗaya na gyara jiki, ai biyar sai su tsiro da sabuwar mahaifa, yadda zogale ke tohowa bayan sara. Wahabu na tafiya Salaga fataucin goro, ta shiga daka ƙwayoyin tana barbaɗawa a kokon Damata, in sun ƙare ta aika kemis.

Damata ta ji ɗacin, ta kuma gane. To wa ke mayar wa suruka ƙwarya? Ta shanye, ta shige ɗaki ta sha kuka.

Wahabu ya dawo ya tarar ƙafarta ta kumbura suntum. Sai asibiti. A can ne ta faɗa masa shi da dokta abin da ake barbaɗa mata a koko.

"Jini ya daskare a jijiya — saura ƙiris!" in ji dokta. "Ita da ƙwayar nan sun rabu har abada. Ciwon ƙashi da zufa da za su biyo bayan daina ta kuwa, sai haƙuri."

Ko kunya babu, tsohuwa ta taɓe baki. "Ka gani? Magani ma ya ƙi ta! Sake ta kawai — ga 'yan mata birjik a Bawku."

Wahabu ya durƙusa, idonsa jajir. "Mma, Damata ta san abin da ke cikin ƙwaryar, ta sha don kada ta kunyata ki. Wace 'yar Bawku ce za ta yi miki haka? Ki gafarce ni, ba zan sake ta ba."



Damata ta tashi da ɗingishin da bai bar ta ba har tsufa, kuma Wahabu ne sandarta zuwa ko'ina. Haƙurinta ya riƙe mata miji. Amma 'yan mata, ku ji: kunyar suruka ba ta kai a haɗiyi abin da zai kashe mutum ba.